Injin Huda Na Nan Da Ransa, Batir Ya Mutu: Ina Mafita?

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen makaranta da na yara, domin wata tambaya da aka kawo mana har ƙofar gida, wadda muka tabbata ta shafi mutane da yawa a zangunanmu.

Ran nan bayan sallar La'asar wani maƙwabcinmu kafinta, dattijo ne, a nan Aboabo ta Kumasi, ya yi mana sallama riƙe da leda. Da ya kwance sai ga injin huda irin wanda ba shi da waya, mai batir a gindi. Wajen masu kayan gwanjo ya saye shi. Injin lafiyarsa lau, amma batirin ko ya kwana a caji, sukuru biyar ko shida zai ɗaura ya mutu. Ya zaga neman sabon batir, inda ya samu kuwa kuɗinsa ya fi abin da ya sayi injin gaba ɗaya. Ga shi ya karɓi aikin gado da kabad na wata amarya, an ba shi rabin kuɗi, biki ya matso.

Ya ce, "Malam, yaron nan nawa ya yanke cajar kwamfuta ya haɗa mini. In na ɗaga shi sama yana juyawa kamar sabo, da na dafa shi a jikin odum sai ya tsaya cik. Wani kuma ya ce in sa masa waya kawai in cusa a bango, wai wuta ai wuta ce. Ku da kuka yi karatu, me kuka gani?"

Muka ce, "Baba, Allah Ya taimake ku da ba ku bi shawara ta biyu ba." A jikin injin an rubuta 18V. Wutar bangon gidajenmu a Ghana kuwa bolt 230 ce, watau ta ninka abin da injin ke bukata kusan sau goma sha uku. Da ya cusa, ƙara ɗaya za a ji da hayaƙi, kuma injin na hannunsa. Dabarar yaron ita ce ta fi jan hankalinmu, domin yaron ya yi tunani. Ya duba cajar ya ga 19V, ya duba injin ya ga 18V, ya ce ai sun yi kusa. Rabin lissafin ya yi daidai. Sauran rabin ne ba a koya masa ba, kuma laifin namu ne mu malamai, da mu kan rubuta waɗannan abubuwa a allo a haddace a yi jarrabawa a manta.

Kafin mu shiga lissafin, ya kamata a san dalilin da ya sa irin waɗannan injuna suka cika kasuwanninmu. Tsofaffin cikinsu suna aiki ne da batir mai sinadarin kadmiyam. In an buɗe kwanson za a ga ƙananan batura a jere, kowane bolt 1.2 ne: guda 10 su ba da bolt 12, guda 12 su ba da 14.4, guda 15 su ba da 18. Ɗaya ya lalace, duka jerin ya raunana. Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin injunan hannu masu irin wannan batir daga ƙarshen shekarar 2016, saboda gubar da ke cikinsa, kamfanoni kuma dama sun riga sun koma ga batirin litiyam. Mutumin can in batirinsa ya mutu sai ya ajiye injin ya sayi sabo. Tsohon ya shiga kwantena ya sauka a Tema, ya iso hannunmu da araha. Araha kuwa, kamar yadda aka sani, ba ta ado.

To, ga lissafin. Wuta tana da awo biyu da ba a raba su. Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ne ƙarfin turi, kamar tsayin da aka ɗora tankin ruwa. Amfiya, mai harafin A, ita ce yawan abin da ke kwarara. In an ninka su a samu wat, watau aikin da ake iya yi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, bolt dole ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin inji, amma amfiya injin ne da kansa yake ja gwargwadon nauyin aikin da aka sa shi. Injin huda in yana juyawa a iska, amfiya biyu ko uku sun ishe shi. In ya shiga katako mai tauri ya kan ja goma, ya ja ashirin. In bakin ya maƙale ya tsaya alhali yatsa na kan maɓalli, abin da zai nema ya wuce talatin. Batir, duk ƙanƙantarsa, yana iya ba da wannan na ɗan lokaci, shi ya sa aka haɗa su tun farko.

Muka juya cajar kwamfutar muka nuna wa maƙwabcinmu rubutun da ke bayanta: 19V, 3.42A. Wat 65 ke nan. Babbar yayarta ma, mai 4.74A, wat 90 ce kawai. Injin kuwa in yana jan amfiya 20 a kan bolt 18, wat 360 yake nema. Caja mai kirki da ta ga an nemi abin da ya fi ƙarfinta sai ta ɗauke wuta don ta tsira, shi ne tsayawar da ya gani. Marar kirki ba ta ɗaukewa, zafi take yi har ta narke. Haka nan ita ma cajar da ta zo tare da injin, ba ta da amfani a nan. Aikinta ta ɗura wa batir wuta kaɗan-kaɗan cikin awa ɗaya ko fiye, abin da injin zai zuƙe cikin 'yan mintoci.

Akwai kuma bambanci na biyu. Wutar bango mai kai-da-komo ce, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa guda, ita ake rubuta wa AC. Ta batir hanya ɗaya take bi, ita ce DC. Saboda haka taransifoma kaɗai, ko da ya sauke 230 zuwa 18, bai gama aiki ba, domin abin da ya fitar har yanzu mai kai-da-komo ne. Sai an sa dayod huɗu masu ɗaukar amfiya da yawa su miƙar da ita, da kafasita babba ta daidaita ta. A nan ma akwai tarkon da ya kan kama masu gyara da yawa: bayan an miƙar da wutar ta kan hau kusan kashi 40 cikin ɗari. Taransifoma mai ba da bolt 12 zai koma wajen 16, mai 18 ya kusa 24. Wanda ke son 18 a ƙarshe sai ya sa a naɗa masa mai 13 ko 14. Masu naɗa koyil a Suwame Magazin da cikin unguwanni sun iya wannan, muddin an gaya musu amfiya nawa ake so. Sai dai taransifoman da zai ba da wat 400 ba ƙaramin ƙarfe ba ne, kuma jan ƙarfe ba ya araha. Muna roƙo da babbar murya kada kowa ya kwance injin ɗumama abinci don ya ɗauki taransifomansa, kamar yadda ake nunawa a hotunan waya. Wannan abu yana fitar da bolt wajen 2,000, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da dama.

Hanyar da ta fi sauƙi a yau ita ce akwatin ƙarfen nan mai huje-huje da masu sayar da kyamarar tsaro da fitilun ado ke ajiyewa, mai 12V 30A. Ga inji mai bolt 12 ya yi daidai, mai 14.4 ma zai yi aiki, domin akwai ɗan sukurun da ake murɗawa a ƙara bolt ɗaya ko makamancin haka. Kada a sayi mai amfiya 5 ko 10 don an ga ya fi araha, halin cajar kwamfuta zai nuna. A duba gefensa, da yawa suna da ɗan maɓalli mai 110 da 220, in yana kan 110 aka sa a wutarmu to ya ƙone nan take. Akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur ma yana yi: wayoyi masu ruwan ɗorawa su ne bolt 12, baƙaƙe su ne ɗaya ɓangaren, kuma sai an haɗa koriyar waya da baƙa kafin ya tashi. A tattara masu ruwan ɗorawa da yawa wuri ɗaya, guda ɗaya ba za ta ɗauki nauyin ba. Aibin waɗannan akwatuna duka shi ne saurin fushi, da injin ya maƙale sai su ɗauke, wasu sai an cire daga bango an mayar. Kuma cikinsu akwai kafasita da ke riƙe bolt sama da 300 ko bayan an cire filogi. Wanda ba aikinsa ba ne kada ya buɗe.

Mu dai a ganinmu, ga mutumin zango, batirin mota ya fi duka. Ko wanda ya gaji da tayar da mota ya kan iya juya injin huda tsawon yini. Amfiya ba ta yi masa wuya, ba ya ɗaukewa, a yi cajinsa da dare daga bango a yi aiki da rana. Wanda ya ga dumso na shekarun 2014 da 2015, lokacin da masu sana'a suka riƙa zaman jiran wuta, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin wannan ba. Kuma wutar bango ba ta zuwa kusa da hannun mai aiki ko kaɗan. Cikakken batirin mota bolt 12.6 ne. Inji mai 12 ko 14.4 zai yi murna da shi. Mai 18 zai juya, amma gudunsa zai ragu zuwa kamar kashi biyu cikin uku, ƙarfinsa ma haka. Kada a ce za a haɗa batir biyu a samu 24, ya yi yawa.

Sai dai shi ma yana da nasa sharri. Bolt 12 ba ya jan mutum, gaskiya ne, amma batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya in wayoyinsa biyu suka haɗu. Sifana ta faɗa a kan kawunansa biyu ta kan yi ja, zoben hannu ya kan ƙona yatsa har ƙashi. Don haka dole a sa fis, irin na mota mai amfiya 30, a jikin jan waya, dab da kan batirin, ba can wajen injin ba. Batir in yana caji yana fitar da iska mai kama wuta, saboda haka ba a yi masa caji a ɗakin kwana, ba a kusa da kurfoti, ba a kusa da mai shan taba.

Yanzu sai maganar waya, wadda ita ce aka fi rainawa. Mutane su kan ce ƙaramar wuta ai ƙaramar waya. Akasin haka ne. Wat 360 a ɓangaren bango amfiya ɗaya da rabi ce da 'yan kai, kowace waya za ta ɗauka. Wannan wat 360 ɗin a ɓangaren bolt 18 amfiya 20 ce. Mu ɗauki siririyar wayar fitila mai kauri 0.75, tsawon mita biyar. Wuta za ta je ta dawo, mita goma ke nan, kuma a amfiya 20 kusan bolt biyar za su salwanta a hanya su koma zafi. Injin ya rasa ƙarfi, waya ta yi laushi a hannu. In aka sa mai kauri 4, tsawon mita uku, abin da zai salwanta bai fi rabin bolt da kaɗan ba. Waya ta zama mai kauri, ta zama gajera, in wuri ya yi nisa a matso da batir ko akwatin. Hanya mafi tsafta ita ce a buɗe kwanson mataccen batirin, a kwashe ƙananan baturan, a yi wa wayar sodar a jikin ƙarafunan da ke ciki, sa'an nan a riƙa cusa kwanson kamar da. Baturan da aka kwashe kada a bar wa yara, kada a jefa a wuta ko a kwata, guba ne. A tabbata an gane ɓangaren + da na − da mita kafin a haɗa, domin maɓallin da ke rage gudu yana da 'yan kayan lantarki a ciki, in aka juya masa wuta sau ɗaya ya tafi.

Sababbin injuna masu batirin litiyam su kan fi taurin kai. Wasu suna da ƙarfe na uku ko na huɗu a bakin batir, wanda injin ke jin zafin batirin da shi, in bai ji komai ba ya ƙi tashi. Wanda aka rubuta wa 20V kuwa kada ya ruɗi kowa, ƙwayoyi biyar ne a ciki daidai da mai 18V, awon lokacin da ya cika ne aka rubuta.

Ba za mu bar wannan magana ba sai mun taɓo 'yan uwansu masu waya, domin su ma ana ce musu ƙaramar wuta. 'Yan uwanmu da ke Amurka su kan cika ganga da kaya su aiko, har da injin zarto da injin goge katako. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Japan 100. Daga Ingila kuma akwai na ma'aikatan gini masu rawayan filogi, bolt 110, waɗanda ake haɗawa da wani rawayan taransifoma da aka tsara yadda kowace waya bolt 55 kawai ke tsakaninta da ƙasa, don rage haɗari. Da yawa an riga an yanke musu filogi an sa irin namu kafin su iso kasuwa, mai saye bai sani ba. In aka ba inji mai 120 wutar 230, zafin da zai yi ba ninki biyu ba ne, ya kusa ninki huɗu. Zai yi kuka mai daɗi na ɗan lokaci kaɗan, sai wari. Duk wanda zai sayi injin gwanjo ya nemi ɗan allon rubutun da ke jikinsa ya karanta, in an kankare ya bar shi.

Maganinsu sitefdawun ne, amma mai girman da ya dace. Injin zarto na Amurka da aka rubuta wa 15A, a ninka da 120, wat 1,800 ke nan, kuma lokacin tashi ya kan ja fiye da haka nesa ba kusa ba. Sitefdawun na talabijin mai wat 300 ko 500 ba abin da zai yi sai ƙonewa. A nemi mai 3,000. A kuma sani yawancin na kasuwa koyil ɗaya ne a cikinsu, ba su raba mutum da wutar bango, don haka kada a ɗauka an tsira daga jan wuta don an ga 110. Wutar Amurka kuma sau 60 take juyawa, tamu 50. Injunan hannu masu gawayi a ciki ba ruwansu da wannan. Manya na kan tebur marasa gawayi, kamar injin wasa ƙarfe, gudunsu zai ragu kashi ɗaya cikin shida, kuma za su fi saurin zafi, sai a riƙa ba su hutu.

Duk wannan da muka faɗa, wurin aikin yawancinmu ba shago ba ne. Zaure ne, ko baranda, ko wani lungu a tsakar gidan haya inda mata ke wanki, yara na rarrafe, ƙasa a jiƙe. Akwatin ƙarfen nan mai huje-huje, sukurorin da wutar 230 ke shiga a fili suke, ɗan yatsa na iya kai musu, garin katako na iya cika shi. A yi masa gida na katako mai ƙofofin iska, a kafa a bango sama da inda yaro zai kai. Filoginmu mai ƙafa uku, doguwar ƙafar ta wayar ƙasa ce, mai launin kore da ruwan ɗorawa, kuma dole ta isa jikin akwatin. Ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce abokiyarta, a tsofaffin gidaje kuwa ja da baƙa. Cusa tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana, wanda duk mun san ana yi, shi ne ke kawo gobarar dare. Abin da ke iya tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, fis mai amfiya 13 kuwa ba zai ko ji wannan ba. Akwai makashin wuta na musamman da ake sawa a allon gida, mai rubutun 30mA, wanda ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum. Kuɗinsa bai kai na injin ba. Dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011 ta ce mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi ne kaɗai zai yi wa gida aikin waya, kuma a wannan ɓangare muna tare da doka. Ɓangaren bolt 12 kowa na iya koya, ɓangaren bango a kira mai shi.

Maƙwabcinmu dai batirin mota muka haɗa masa. Wani direban tasi a gidansu ya ba shi tsohon nasa, aka sayo waya mai kauri mita uku da fis, yaron da ya yanke caja shi muka sa ya yi awo da mita ya yi sodar, ya kuwa yi da kyau. Injin ya ɗaura sukurorin gado da na kabad duka, a jikin wawa ma yana huda ba laifi. A odum ne yake nishi, sai an bi shi a hankali. Mun gaya masa gaskiya cewa in ya karɓi cikon kuɗinsa ya nemi injin huda mai waya na bolt 230, wanda sau da yawa bai kai kuɗin sabon batir ba, ya bar wannan ga ɗaurin sukuru. Ya ce zai duba. An kai kayan amarya saura kwana biyu biki. Cajar kwamfutar kuwa ta yayar yaron ce da ke karatu a Ankara, kuma har yanzu ba a gaya mata ba.